Tsakanin Marka da Kaka: Furannin Jigawa da Fadama da Ya Kamata Yaranki Su Sani



Yau zancen furanni na zo miki da shi. Na san wata za ta ce, haba Malama nas, ana fama da tsadar hatsi da zazzaɓin yara, wa yake ta fure? Ki yi mini haƙuri ki karanta. Furen da nake nufi shi ne na daji, wanda babu wanda ya shuka shi, wanda yake fitowa a gefen gona, a kan jigawa da bakin fadama, daga lokacin da marka ta fara sassautawa a ƙarshen Agusta har zuwa girbin gero. A cikin waɗannan tsirrai akwai miyar da za ta rufa miki asiri a watan da rumbu ya yi ƙasa. Akwai kuma wanda zai kwantar miki da yaro a gadon asibiti kafin ki gama tuƙa tuwon dare. Yaron da ya san sunayensu ya san wanda zai tsinko miki da wanda zai kauce wa. Yaranmu na yanzu kuwa, har da na ƙauye, suna tashi ba su san su ba.

Ƙasar da muke takawa

Ni 'yar Kiyawa ce. Idan kika taso daga Dutse kika wuce Shuwarin, za ki lura duwatsun nan da suka ba Dutse sunanta suna raguwa a bayanki, ƙasa tana komawa rairayi. Idan kuma kika ɗauki hanyar Jahun, sai ki ga tudu ya miƙe, kwari ya biyo shi, wani tudun ya sake miƙewa. Tudun rairayin shi ne jigawa, kwarin da ruwa yake kwanciya shi ne fadama. Daga nan jiharmu ta samo suna da aka ƙirƙiro ta ranar 27 ga Agusta, 1991, a daidai wannan lokaci da jigayi suke cikin adonsu.

Wani masanin ƙasa ɗan Ingila mai suna A. T. Grove ya yi rubutu a 1958 a kan waɗannan jigayi na ƙasar Hausa. Ya nuna tsofaffin tudun rairayi ne irin na hamada, iska ce ta tara su dubban shekaru da suka wuce, a zamanin da Sahara ta gangaro kudu fiye da inda take yanzu. Shi ya sa suke a jere, sun kwanta daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, hanyar da iskar hunturu take bi har gobe. Da ruwan sama ya dawo, ciyayi suka fito suka kafa saiwa, suka ɗaure rairayin wuri ɗaya. Wanda yake son ya ga yadda jigawa take idan babu mai riƙe ta, ya je Tulo-Tulo a ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe, inda rairayi yake tafiya da kansa yana binne abin da ya tarar.

Wato ƙasar da muke noman gero da gyaɗa da riɗi a kanta, saiwar ciyawa ce ta zaunar mana da ita. Ki riƙe wannan a ranki duk lokacin da kika ji an ce ai ciyawa ce kawai.

Abin da za ki gani a kan jigawa

Ki fita da sassafe, kafin raɓa ta bushe. Yawancin furannin nan na safe ne, idan rana ta take wasunsu sun rufe.

Na farko da nake so ki nema shi ne karkashi. Mata da yawa sun san miyarsa, sun san yauƙinsa, wasu sun san ana wanke gashi da shi, amma ba su taɓa ganin furensa ba. Yana kwanciya a kan rairayi, furen kamar ƙaramar ƙararrawa, ruwan hoda mai haske, da zane-zane masu duhu a cikin bakinsa. Idan kika ɗora shi kusa da furen riɗi za ki ga kamanninsu, domin dangi ɗaya ne. Karkashi yana son ƙasar da sauran shuke-shuke suke raina wa, rairayi tsantsa, kuma ba ya neman taki.

Kusa da shi za ki tarar da tsidau, shimfiɗe a ƙasa, da ɗan fure ruwan ɗorawa mai kunne biyar. Kyakkyawa ne ƙwarai, sai dai bayan 'yan makonni furen nan zai zama ƙayar da take fasa tayar keke, ta huda tafin ƙafar yaro. Haka ƙarangiya, wadda take maƙale wa zani da gashin akuya. Muna tsine mata, amma tsofaffi a Nijar da arewacin ƙasar nan za su gaya miki a shekarun yunwa an sussuke ta an ci ƙwayar da ke cikinta.

Sai kyasuwa. A watan Satumba kanta yana fitar da gashi mai laushi, ja-ja, shuni-shuni. Idan rana ta yi gora ta hasko ta baya, gefen hanya gaba ɗaya sai ya koma kamar an shimfiɗa atamfa. Masu dabbobi suna yankanta su adana saboda rani. Bayanta gamba take tsaye, ta fi mutum tsawo, tana jiran masu saƙar zana.

Sabara kuwa babu mai jegon da ba ta san ƙamshinta ba. Ganyenta toka-toka ne, idan kika juya bayansa za ki ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Furenta ƙananan dunƙule ne masu ruwan ɗorawa-ɗorawa, 'ya'yanta kuma masu gashi. Manomi yana sare ta kafin shuka, ta sake tofowa daga kututture, ta tare ƙura da ganyen da iska take kwasowa, ta mayar wa gona. A jikinta da jikin kalgo yaɗiya take hawa, da 'yan furanninta masu launin madara a cure wuri ɗaya. Wadda ta taɓa cin kwaɗon yaɗiya da ƙuli-ƙuli mai yaji ba sai na yi mata bayani ba. A jikin danga kuma ga garafuni, fure ruwan ɗorawa, ɗa ruwan goro wanda yake fashewa ya nuna jan ciki.

Kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta, ba ta yi boko ba, amma duk tsiron da muka tsinko muka kai mata sai ta tambaye mu sunansa, da abin da ake yi da shi, da sharrinsa. Idan ba mu sani ba ta faɗa mana, washegari ta sake tambaya. Da na shiga makarantar koyon aikin jinya na tarar haka ake koyar da magani: sunansa, aikinsa, illarsa.

Kyakkyawar da manomi ba ya so

Akwai furen da ya fi duk waɗannan ɗaukar ido. Za ki hango shi a tsakiyar gonar dawa ko gero, ruwan hoda mai ƙarfi, a jere a kan siririn kara, wani lokaci gona guda ta rine da shi. Baƙo daga birni yakan tsaya ya ɗauki hoto. Mai gonar kuwa ransa a ɓace yake, domin ƙuduji ne, wanda wasu suke kira wuta-wuta.

Irinsa ƙanana ne kamar ƙura. Yana iya kwanciya a cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ba ya tsira sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero take fitarwa, sai ya tsiro ya kama saiwar ya riƙa tsotse ruwa da abincinta. Duk wannan a ƙarƙashin ƙasa yake faruwa. Kafin ya leƙo waje ya yi fure, ya riga ya gama ɓarna, dawar ta tsumbure kamar wadda wuta ta lasa. Tsiro ɗaya kuma yana zubar da dubun-dubatar iri. Ya fi yawa a gonar da ta gaji, shi ya sa malaman gona suke cewa a zuba takin gargajiya, a riƙa sauya shuka da gyaɗa ko waken suya, a kuma tuge shi a ƙone tun bai zubar da iri ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya da reshen IITA da ke Kano sun daɗe suna aiki a kan irin da yake jure masa.

Ga aikin da yaro ɗan shekara bakwai zai iya taya babansa: ya san ƙuduji, ya tuge shi. Idan kuma ya tsinko shi don kyau ya kawo gida, kada a zubar a kan jujin da za a kwashe a kai gona.

Gangarowa fadama

A bakin ruwa, inda rairayi yake da danshi, duman kada yake yaɗo. Ganyensa mai faɗi kamar zuciya, furensa kamar mazurari, ruwan hoda mai duhu, yana buɗewa da safe ya yanƙwane da rana. Makiyaya ba sa son awaki da tumaki su ci shi da yawa, domin yana sa su rawar jiki da tangaɗi. Amma shi yake riƙe gaɓar rafi. Inda aka kankare shi, ruwa yana zaizaye gaɓar ya ci gona. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 a jihar nan sun san abin da ruwa yake yi wa ƙasar da ba ta da abin riƙo.

A inuwa za ki ga balasa da ɗan furenta shuɗi kamar an ɗiga bula. A kan ruwan kansa ga kainuwa dashen Allah tana yawo ba ta kafa saiwa a ƙasa ba. Sai sarauniyarsu, bado. Farin bado da dare yake buɗewa, hantsi yana yi ya rufe. Yara suna shiga ruwa su tsinko kansa su ci 'ya'yan, su haƙo tushensa.

A nan dole aikina ya sa baki. A bayan ganyen bado da sauran ciyayin ruwa ƙananan katantanwa suke maƙalewa, kuma a jikinsu ƙwayar cutar tsargiya take girma. Tana fitowa cikin ruwa ta huda fatar yaron da ke wanka, ba ya ma ji. Bayan wasu makonni ko watanni sai ki ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Har yanzu akwai masu cewa alamar balaga ce ga ɗa namiji. Cuta ce, tana cin jinin yaro, idan ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda, tana kuma kama 'ya'ya mata. Maganinta ƙwaya ce da ake sha lokaci ɗaya, akan raba ta a makarantu ana auna tsayin yaro. Idan an zo rabawa ki bar naki ya karɓa, ki tabbatar ya ci abinci tukuna. Kududdufin da ya cika a wannan wata kuma yana da zurfin da yaro bai sani ba, musamman ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Bado a kalle shi daga gaɓa, tare da babba.

Can ƙasa wajen Haɗejiya, inda dausayin Baturiya yake karɓar tsuntsaye daga Turai kowane hunturu, wata ciyawa ce ta zame wa mutane ƙarfen ƙafa, wato kachala. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Inda ta mamaye, sauran tsirran fadama ba sa samun wuri.

A wasu fadamun, idan ruwa ya janye za ki ga ƙasa ta yi fari-fari, dabbobi suna lasa. Gishiri ne da kanwa suka taso. Tsirrai kaɗan ne suke jure irin wannan wuri. A ƙasar Manga ta Nijar, wajen Maine-Soroa, a irin waɗannan kwaruruka na tsakanin jigayi ake haƙo kanwa, goriba da dabino sun kewaye su.

Wata ƙawata da muka yi makaranta tare, wadda take aikin jinya a Ingila yanzu, ta turo mini hotuna ta WhatsApp daga gaɓar teku a yankin Norfolk. Su ma suna da tudun rairayi a bakin teku, a bayansa kuma fadama ce da ruwan gishiri yake shiga yana fita. A watan Yuli da Agusta fadamar tana rinewa da wani fure mai launin shuni, mutane suna tuƙo mota daga nesa don su gan shi. An kafa alluna ana roƙon kada a taka ciyawar da ke riƙe rairayin. Akwai wani tsiro mai ɗanɗanon gishiri da suke tsinka a cikin taɓon, ana sayar da shi da tsada, ana ci da kifi. Na ce mata ashe su ma suna da tafasarsu. A bakin tekun Legas da Badagiri kuma akwai ɗan'uwan duman kada, furensu kusan iri ɗaya, ganyensa a tsage kamar kofaton akuya, shi ma aikinsa riƙe rairayi. Abin da suke tattali a can, irinsa ne a bayan gidanmu.

Tafasa da mai kama da ita

Yanzu mu zo inda na fi so ki natsu.

Wannan lokaci shi ne mafi wuya a shekara ga ƙananan yara. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai shigo ba, sauro ya yi yawa. A watannin nan ne muke cika da yara masu zazzaɓi, masu ƙarancin jini da masu tamowa. A daidai lokacin ne kuma Allah Yake fito da ganyaye kyauta: tafasa, lalo, gasaya, rama, yaɗiya, karkashi. Ganye mai duhun kore yana da sinadarin ƙarfe da ke taimakon jini, da sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A mai kare ido. Jiki ya fi ɗaukar wannan bitamin idan akwai maiƙo a abincin, don haka iyayenmu da suke kwaɗa tafasa da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa sun yi daidai tun kafin a rubuta shi a littafi. Ki dafa ta yi laushi, ki murtsuke wa mai wata shida zuwa sama a cikin fatensa.

Amma tafasa tana da 'yar'uwa mai kama da ita, rai-ɗore, wadda wasu suke kira sanga-sanga ko majamfari. Duk biyun furensu ruwan ɗorawa ne, duk biyun suna son juji da gefen hanya. Ga yadda za ki raba su. Ganyen tafasa bi-biyu ne jeri uku, wato shida a kan reshe, bakinsu a zagaye, kuma da dare suna naɗewa kamar masu barci. Kwanson 'ya'yanta siriri ne, dogo, a lanƙwashe kamar lauje. Ganyen rai-ɗore ya fi yawa a kan reshe, bakinsa mai tsini, idan kika murza shi yana wari, kwansonsa kuma a baje yake.

Me ya sa wannan ya dame ni? A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya, an yi shekaru ƙananan yaran talakawa suna mutuwa bayan kowace damina. Amai, sai magagi, sai suma, cikin kwana biyu ko uku a rasa yaro. An daɗe ana zaton wata ƙwayar cuta ce mai kama ƙwaƙwalwa. Sai wajen 2007 likitocin yara na can suka nuna ɗanyun 'ya'yan wannan tsiro ne yaran suke ci suna wasa, yana lalata musu hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Da aka wayar da kan iyaye aka tuge shi daga kusa da gidaje, mace-macen suka ragu ƙwarai. Tsiron da ke Indiya shi ne wanda ke bayan katangarki. Na san manya suna dafa ganyensa don zazzaɓi. Abin da nake roƙo shi ne kada 'ya'yansa su shiga bakin yaro, musamman yaron da yunwa take damu.

Na biyu shi ne zaƙami, wanda Bahaushe ya raɗa wa haukata-yaro, kuma sunan ya dace da shi. Furensa babba ne, fari ko mai shuni, kamar bakin kakaki. Ɗansa dunƙule ne mai ƙaya-ƙaya, cike da iri.

Wata shekara, a irin wannan wata, an kawo mana yaro ɗan kimanin shekara shida bayan magariba. Kawunsa ne ya riƙe shi da ƙarfi, yana fizge-fizge, yana kama abin da babu shi a iska, yana surutai, bai gane uwarsa ba. Dangi sun riga sun yanke cewa iska ce, domin an gan shi a juji da yamma. Jikinsa zafi rau amma babu ɗigon gumi, bakinsa a bushe, zuciyarsa tana gudu, baƙin idonsa ya buɗe sosai. Muka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, domin shi ake fara zargi a wannan lokaci. Likita ya ce a tambayi yaran da suka yi wasa tare. Yayarsa 'yar shekara tara, bayan an lallashe ta an yi mata alkawarin ba za a dake ta ba, ta ce wasan girki suka yi, suka fasa wani abu mai ƙaya suka yi shinkafa da 'ya'yansa, shi kuma ya ci da gaske. Aka tura aka ɗebo, ga zaƙami. Da aka san abin da ake yaƙi da shi, aiki ya zo da sauƙi. Kwana biyu yaron ya tashi yana neman shayi, bai tuna komai ba. Uwar ta ce mini shekara da shekaru tsiron yana nan, tana ganinsa, ba ta san shi ne zaƙamin da ake faɗa ba.

Na uku bini-da-zugu, wanda ake dasawa a matsayin shinge. 'Ya'yansa suna da ɗanɗano kamar gyaɗa, shi ya sa yara sukan ci a ƙungiya, a kawo su biyar ko shida lokaci ɗaya suna amai da gudawa. Haɗarin a nan bushewar ruwan jiki ne. 'Ya'yan zurma, masu zane kamar kaska, sun fi su haɗari idan aka tauna.

Na huɗu tumfafiya, sarauniyar jigawa, mai fure fari da shuni kamar an sassaƙa shi da kakin zuma. Yara suna son fasa 'ya'yanta su hura audugar. Farin ruwanta idan ya shiga ido yana sa gani ya dushe kamar hazo ya rufe. Idan haka ta faru, ki zuba ruwa mai tsabta a idon, ki yi ta zubawa kamar minti 15 zuwa 20, sannan ku tafi asibiti. Kada a ɗiga nono, kada a sa kwalli, kada a sa ruwan wani ganye.

Idan kina zargin yaro ya ci wani tsiro, kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ki ɗura masa manja ko madara. Yaron da hankalinsa ya gushe zai iya shaƙar abin ya shiga huhunsa, a samu matsala biyu. Ki kwantar da shi ta gefe, ki tsinko reshen tsiron da ganye da fure ko 'ya'ya, ko ki ɗauki hotonsa da wayar da ke hannunki, ku nufi asibiti mafi kusa. Ki tambayi abokan wasansa da murya mai sanyi. Yaron da yake tsoron bulala ba zai faɗi gaskiya ba, mu kuma gaskiyar nan muke buƙata. Addu'a da tofi a yi su a kan hanya.

Ciyawa mai duhu kuma gidan maciji ce, musamman daga yanzu zuwa girbi. Yara su sa takalmi, su riƙe sanda suna bugun gabansu. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau. A hana ƙafar motsi, a ɗauki yaron, a yi asibiti.

Abin da yake ɓacewa

Matan da suke kawo ganye kasuwar Shuwarin suna faɗa mini yanzu sai sun yi nisa kafin su cika kwando da karkashi ko gasaya. Dalilan a fili suke. Gonaki sun haɗe, babu sauran saura. Filayen bayan gari an yanka fuloti. Sannan ga maganin feshi, wanda ya sauƙaƙa wa maza noma amma bai san bambancin ƙuduji da karkashi ba. A da mai noma yana kaucewa karkashi da lalo da fartanyarsa saboda uwargida. Bututun feshi ba ya kaucewa.

Ba na cewa a daina feshi, na san tsadar 'yan ƙwadago. Abin da za ki iya shi ne ki roƙi maigida ya bar gefen gona, ko taku biyu ne, ba feshi. Ƙudan zuma da suke sauka a furannin gefen nan su ne suke shiga riɗi da kankana da kabewa su sa su yi 'ya'ya. Kada ki tsinki ganye a gonar da ba ki san ko an yi mata feshi ba, kuma ki gaya wa yaran da kike aika. Robar maganin da ta ƙare ba ta zama ta ruwan sha ko ta man gyaɗa, ko sau nawa aka wanke ta. Idan karkashi da gasaya suka yi 'ya'ya, ki tara irin a ƙulle a tsumma, baɗi ki watsa a bayan ɗaki. Ko a birni kike, tsohon buhu da rairayi ya isa.

Sai babban abin, wanda ba ya cin ko sisi. A wannan mako ki ɗauki yaranki da safe ko bayan la'asar, ku taka zuwa bayan gari. Idan ba ki san sunayen ba, ki tafi da surukarki, ko goggonki, ko tsohuwar da ke maƙwabtaka, za ki sha mamakin yadda za ta ji daɗin an tambaye ta. Kada ku ɗauki da yawa, tsiro biyar ya isa a fita ɗaya. Ki sa yaro ya taɓa ganyen tafasa ya ƙirga shida, ya murza rai-ɗore ya ji warin, ya tsaya nesa da zaƙami ya faɗi sunansa da ƙarfi. Ki ɗauki hoto, da dare ku buɗe ku yi gasar wa zai tuna. Nawa yaran har faɗa suke yi a kan wa ya fara hango balasa. Ki kafa musu doka ɗaya da ba ta da sassauci: abin da Umma ko Iya ba ta ce a ci ba, ba ya shiga baki.

Lokacin gajere ne. Nan da 'yan makonni ruwa zai ɗauke, kyasuwa ta bushe, ƙarangiya ta nuna, jigawa ta koma launin rairayinta sai wata daminar.

Na san sunayen nan suna sauyawa daga gari zuwa gari. Abin da muke kira ƙuduji ko tsidau a Kiyawa da Andaza da Katanga, wataƙila ke ta Gumel ko Katsina ko Sakkwato ko Damagaram da wani suna kika san shi. Ki rubuto mana yadda ake faɗa a wajenku, da wanda na manta ban ambata ba, domin wata uwar ta ƙaru. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare su daga sharrin abin da ke ƙasa da na ruwa, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.